Sifanar Inna Tursunoy

Tun kafin hantsi Inna Tursunoy ta gama gasa gurasa, ta yayyafa ruwa a ƙofar gidan shayinta, ta ɗora buta a wuta. Sai ta jawo kujera bakin kwalta, ta zuba wa hanya ido, hanyar da ta taso daga Bukhara ta ratsa rairayin Kizilkum zuwa Khiva. A aljihun rigarta akwai wata 'yar sifana da ta sha hannu har tana ƙyalli. Shekara ashirin da shida ke nan tana wannan zama.

Direbobi ba ta damu da su ba, suna da rufi a ka. Masu keke take jira, 'yan ƙasa da baƙi, waɗanda suka ɗaure kaya suka ce sai sun ga ƙarshen hamada. In sun zo cikin kwana arba'in ɗin nan na tsananin zafi, mutum yana shiga wanke fuska, ita kuwa tana kwance sirdin kekensa ta jefa a akwati ta zauna a kai. Ba ya fitowa sai la'asar ta yi sanyi, kuma sai mai shi ya tofa yawu a gabanta ta ga ya jiƙa ƙasa. Ruwan ƙanƙara ba ta bayarwa. Shayi mai zafi, cuku mai gishiri, sai tabarma a inuwa. An zage ta da harsuna kala-kala, ko a jikinta.

Bara Allah ya kawo mata wanda ya fi kowa taurin kai, Malam Normat, tsohon malamin lissafi daga Namangan, shekararsa sittin da uku. Ya fito ya ga kekensa ba sirdi.

"Baiwar Allah, wane irin wasa ne wannan?"

"Tofa yawu, Malam."

Ya tattara baki, ya yi ta fama, ko ɗigo.

"Ka gani? Zauna."

"Ni za ki koya wa lissafi? Kilomita arba'in ne zuwa masauki na gaba, ruwana lita shida. Awa uku na isa."

"Rana ba ta yi ajinka ba. Zauna ka sha shayi."

"To riƙe sirdin, ki yi miya da shi!"

Ya hau keken a tsaye, ya bi kwalta yana taka feda kamar mai kirɓa sakwara. Shuhrat direban kankana yana gefe yana cin gurasa, dariya har da ƙwarewa. Shi ya ba ni labarin, kuma ya ce dariyar ba ta kai minti biyar ba. Inna ta tsoma zannuwa biyu a randa, ta ɗauki buta da gishiri, ta tsaya a kansa.

"Tashi, ɗan nan. Ta da mota."

"Inna, ko gama ci ban yi ba."

"Gurasar ba za ta mutu ba."

Sun same shi bayan kilomita uku, kwance a gefen kwalta, keken a kansa. Gorunan ruwansa huɗu ko buɗe su bai yi ba. Fatarsa a bushe ƙamas, ba ɗigon gumi, yana kiran sunayen ɗaliban da ya koyar shekara talatin da suka wuce. Inna, wadda gwiwa ke hana ta sunkuyawa, ta durƙusa a kan tsakuwa mai ƙuna. Suka ja shi ƙarƙashin motar, ta naɗe shi da jiƙaƙƙun zannuwa, ta sa Shuhrat fifita da kwali, tana ta zuba ruwa a wuya da hammata. Sai da ya buɗe ido ya gane ta, sannan ta fara ba shi shayi da gishiri a cokali. Likitan da aka kai shi wurinsa ya ce da an ƙara rabin awa, da sai dai gawa.

Bayan kwana biyar ya dawo, kansa a ƙasa.

"Yaya, na zo karɓar sirdina."

"Tofa yawu."

Ya tofa. Ta duba ƙasa da kyau, ta ɗaga akwati, ta ɗaura masa da hannunta. Ba ta ce masa ai na faɗa maka ba.

Akwai wani tsohon sirdi rataye a saman ƙofarta, fatarsa duk ta tsattsage. Malam Normat ya tambaye ta na wane ne. Ta ce na wani ne da ya tsaya shan shayi a shekararta ta farko, ta ce ya jira la'asar, ya yi mata dariya mai daɗi, ita ma ta yi dariya ta ɗaga masa hannu. Keken kawai aka dawo da shi. Washegari ta sayi sifana.

Inna Tursunoy, ke ce mai ƙwace don ta ba da rai. Kin yarda a tafi ana jin haushinki, muddin dai an tafi da ƙafa. Ba ki san adadin waɗanda kika zaunar ba, su ma da yawa ba su san abin da suka tsallake ba, har yau suna can suna ba da labarin wata masifaffiyar tsohuwa. Mu da muke bin hanyar mun sani, kuma mun gode. Allah ya saka miki, ya ba gwiwar nan lafiya.

Wannan watan ta koma gidan ɗanta a Bukhara, ƙafa ta ƙi. Sifanar tana aljihun surukarta Dilbar da ta gaji gidan shayin, wadda aka ce ta fi ta zafin baki. Duk wanda Allah ya ajiye a bakin wata hanya, ya san haɗarinta fiye da mai wucewa, to kada kunyar baƙo ta sa ya ɗaga masa hannu. Da za ta tafi an kwashe mata komai, har randar. Sirdin nan ne kaɗai ta ce a bar shi a saman ƙofa, inda Dilbar za ta riƙa ganinsa kullum.