Na Kori Maginin Da Ya Ce A Buɗe Silin

Shekarata talatin da takwas a lokacin, kuma a kasuwar shanu ta Talata Mafara da wuya ka sami wanda bai san ni ba. Ɗan mahauta ne ni gaba da baya. Mahaifina a rumfar nama ya ƙare rayuwarsa, ni kuma na ajiye wuƙa na koma fataucin shanu, ina lodi zuwa kudu. Allah ya buɗa mini, na yi aure, na yi mota. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ina ƙarami, wato irin kallon da wasu ke yi mana. Za a ci namanka, a yi raha da kai, ranar da aka zo maganar asali kuma sai a tuna maka ko kai ɗan wane ne. Na fara da wannan ne don mai karatu ya san cewa ba rashin sani ne ya kai ni ga abin da na aikata ba. An faɗa mini gaskiya a gaban idona, na ƙi ji.

Bayan rasuwar mahaifina, Inna, wato mahaifiyata, ta ce tana son komawa Damri inda aka haife ta, kusa da ƙannenta. Ba ta nemi wani abu mai girma ba, ɗaki biyu da tsakar gida inda za ta ɗaure awakinta. Ina cikin cigiya sai wani dillali ya zo mini da labarin wani tsohon gida na mutanen da suka taɓa riƙe sarauta a garin. Magada duk sun watse sun koma birni, babban cikinsu ne ke son sayarwa. Da na faɗa wa Inna sai ta yi dariya, ta ce ai ta san gidan, tana yarinya takan kai musu tallan nama, kuma iyakarta ƙofar zaure, ba ta taɓa ganin cikinsa ba. Ita da wasa ta faɗa. Ni kuwa a take na ƙudurta cewa sai na zaunar da uwata a babban ɗakin gidan nan, kowa ya gani.

Ranar da muka je dubawa, gidan ya tafi da ni. Zaure mai bakan gizo, katangu masu kaurin da za ka iya kwanciya a kansu, ga sanyi a ciki duk da zafin da ake yi a waje. An shafe ko'ina da siminti, an yi fenti, har warinsa bai gama fita ba. An ɗora kwano a kan tsohon rufin ƙasa, daga ciki kuma an buga farin silin. Mai gidan ya ce ya yi wannan gyara ne don ba ya son ya miƙa gidan kakansa a wulaƙance. Na ji daɗin maganar, na ce lallai wannan mutumin kirki ne.

Inna ce ta dage sai an kira wani tsohon magini na Garbadu, aminin mahaifina, wanda nake kira Baba. Mutum ne da ya yi shekara sama da arba'in yana ginin ƙasa. Na ɗauko shi ba da son raina ba. Da muka isa sai ya kama zagaya gida yana ƙwanƙwasa katanga da sandarsa. A wasu wuraren sautin a cike yake, a wasu kuma sai ka ji kamar an buga ganga. Ya durƙusa ya tona gindin katanga da yatsa, ya shinshina ƙasar. Ya tsaya ya daɗe yana kallon inda indararo suke a da, duk an toshe su da siminti. Ya ce mini siminti ba ya kama ginin ƙasa, rabuwa suke yi, ruwa ya shiga tsakani ya zauna ba mai gani. Da muka shiga babban ɗaki ya ɗaga kai, sannan ya dubi mai gida ya ce, "Alhaji, a cire mini silin ga guda ɗaya tak. Ina son in ga azara. In hali ya yi kuma a ɗaga kwano in hau bisa. Wuni guda ya ishe ni."

Nan take fuskar mai gida ta canza. Bai ma kalli Baba ba, ni ya kalla, ya ce, "To, abin har ya kai haka? Gidan kakana za a buɗe wa baki a duba haƙori kamar saniya? Ai na manta ko da wa nake ciniki." Wallahi har yau in na tuna wannan magana sai jikina ya yi zafi, don yanzu na san da gangan ya faɗe ta. Ya san inda ke yi mini ciwo, ya taɓa. Dillali kuma ya ja ni gefe yana raɗa mini cewa akwai wani daga Bakura da ke jira, in na ɓata wa Alhaji rai gidan ya wuce ni. Maimakon in tsaya in tambayi kaina me ya sa mutum zai ji tsoron a cire silin guda, sai na juya kan dattijon da ya zo taimakona. A gaban mutane na ɗaga masa murya, na ce kallo na kawo shi ba rushe gida ba, kuma zamanin tubali da makuba ya wuce. Baba ya ɗauki sandarsa ya ce, "Ɗana, ban ce kar ka saya ba. In ba ka yarda da ni ba, kawo injiniya ya duba. Amma kar ka sa mutum cikin ɗakin ga sai an ga abin da ke bisa." Ya ƙi shiga motata. Acaɓa ya hau ya koma gida.

Aka yi ciniki, aka rubuta takarda gaban shaidu, na sa hannu ban ko karanta ta da kyau ba. Na ce wa Inna Baba ya duba komai lafiya. Ƙarya na yi mata. Ta tare a gidan da rani, ita da wata ƙanwarta da ke taya ta zama, na sa aka jera mata gado da kujeru a babban ɗakin. Mata suka yi ta zuwa barka, ni kuma ina zaure ina karɓar gaisuwa kamar wani basarake.

Da damina ta kama sai alamu suka fara fitowa. Inna ta ce tana ganin garin ƙasa a kan shimfiɗarta kowace safiya. Na ce ɓeraye ne. Ta ce ƙofar ɗakin ta fara cijewa sai an tura da kafaɗa. Na ce katako ne ya sha sanyi. Wata tsaga ta fito daga kusurwa ta gangaro har kusa da taga, na turo mai shafe ya cike ta da siminti ya bi da fenti. Wato abin da aka yi mini na cuta, shi na maimaita da hannuna a ɗakin uwata. Sau biyu na yi niyyar zuwa Garbadu in ba Baba haƙuri in ɗauko shi, sau biyu kunya da girman kai suka hana ni.

An yi kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Rana ta huɗu gari ya washe, ina Maradun ina duba wasu bijimai, bayan la'asar sai ga wayar ƙanwar Inna. Kuka kawai take yi, da ƙyar na tsinci cewa ɗaki ya faɗa. Ban san yadda na yi tuƙin nan ba. Na iske maƙwabta sun cika gidan, wasu da fartanya, wasu da hannu, suna kwashe ƙasa. Inna tana zaune a kan sallaya tana jan carbi rufin ya rufto. Gadon ƙarfe ne ya tare mata kai, amma daga ƙugu zuwa ƙasa azara da ƙasa sun danne ta. Da aka zaro ta tana numfashi, bakinta cike da ƙasa, abin da ta fara tambaya shi ne ko ƙanwarta ta fita. Muka kai ta asibiti a Mafara, daga nan aka tura mu Sakkwato. Mun yi wata biyu da kwanaki. Ta rayu, amma likitoci sun ce ba za ta sake takawa ba, kuma har yau ba ta taka ba.

Da na dawo na sa a kwashe baraguzan ne na ga abin da ya sa har yanzu zuciyata ba ta huce ba. Azarar duk gara ta cinye ta, ka sa babban yatsa ya nutse kamar a cikin tuwo. Wannan zan iya cewa tsufa ne. Amma a tsakiyar ɗakin akwai azara uku da suka karye tun da daɗewa, an tallabe su da sabon katako, an ɗaure da waya, an buga ƙusoshin da ko tsatsa ba su yi ba. Wani ya hau can, ya ga karaya da idonsa, ya ɗaure ta yadda za ta kai ranar ciniki, sannan ya rufe da farin silin. Na nemo kafintan da ya yi aikin. Bai musa ba. Ya ce ya faɗa wa mai gida cewa ɗakin ba ya zaunuwa, aka ce masa ya yi aikin da aka sa shi. Wata tsohuwa maƙwabciya ta ce ai shekaru ke nan masu gidan ba sa kwana a ɗakin, ko hatsi sun daina ajiyewa a ciki. Na tambaye ta, ita da ta zo barka ta ci goron Inna, me ya hana ta faɗa? Ta sunkuyar da kai ta ce ba su son shiga tsakanin manya. Unguwa guda ta sani. Sun zuba ido tsohuwa ta shiga ɗakin nan da carbinta.

Na je na sami mai gidan, na ajiye masa guntun azarar da wayar a jiki a kan tabarmarsa. Ko gezau bai yi ba. Ya yi mini jaje da dogon salati, ya ce ƙaddara ba ta wuce ranarta, kuma a takarda an rubuta cewa na gani na yarda. Har ya ƙara da cewa ai ni na kori maginina da bakina, kowa shaida ne. Ba don mutane sun riƙe ni ba, da ban san abin da zan aikata ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a wannan gaɓar gaskiya ya faɗa. Dattawa suka shiga maganar, aka yi zama har uku, kowane zama ƙarshensa a bar wa Allah. Na ce na yarda da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta riƙe guduma ta buga ƙusa ba. Aka ce mu yi musabaha, na ƙi miƙa hannu, kuma ban yi nadamar ƙin ba.

Baba ya zo duba Inna bayan an sallamo mu. Na so ya zage ni, ko na ji sauƙi. Bai ce uffan a kan abin da ya wuce ba, sai addu'a. A gabansa na durƙusa na gaya wa Inna cewa ƙarya na yi mata, Baba bai taɓa cewa ɗakin lafiya yake ba, korarsa na yi. Sai ta ce, "Na sani tun ranar. Na ga yadda kake murna, shi ya sa ban ce komai ba." Na gwammace da duka ta yi mini.

Yanzu tana gidana a Mafara. Ni nake ɗaga ta in kai ta inuwa da safe, in mayar da ita ɗaki da yamma. Ta ce ta yafe wa kowa. Ni ban kai nan ba, kuma ba zan yi ƙaryar na kai ba.

Ga duk mai niyyar sayen tsohon gida a ƙauye, ina roƙonka da girman Allah, kar fenti ya ruɗe ka. Ka kawo wanda ya san gini, magini ne ko injiniya, ka ba shi lokaci ya ƙwanƙwasa katanga, ya duba gindinta, ya ga inda ruwa ke bi, ya hau sama ya taɓa azara da hannunsa. In mai gida ya fusata don an ce a buɗe wani wuri, to wurin nan ne ya fi kamata a buɗe, in ya ƙi ka kama hanyarka. Ku kuma maƙwabta da kuke gani ku yi shiru don kar a ce kun ɓata ciniki, ku sani shirun nan ba kawaici ba ne, akwai hannunku a ciki. Mai sayarwa da ya rufe aibi da siminti, ya tuna cewa mutum ne zai kwanta a ƙarƙashinsa. Wadda ta zauna a ƙarƙashin nawa rufin ba ta sa hannu a kowace takarda ba, yarda kawai ta yi da ɗanta.