Azumin Baba Isufu da Ruwan da Ba na Sama Ba

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar Baba Isufu, mutumin Maraɗi, direban tasi, wanda ya riƙe ni kamar ɗansa lokacin da na zo karatun tsara birane a Washington. Na so in rubuta wani abu na jimami, amma duk sanda na zauna sai in tsinci kaina ina dariya. Ina ganin shi ma da haka zai fi so.

A lokacin muna zaune a wani ƙaramin gari da ke bakin kogin Potomac, inda kogin ke cika yana janyewa tare da teku. A ƙasan layinmu akwai tashar bas. Wasu ranaku, rana tsaka, ba hadari ba yayyafi, sai ruwa ya ɓuɓɓugo daga magudanar titi ya mamaye tashar. Matan unguwarmu masu aikin kula da tsofaffi su ne suka fi shan wahala: ko su tsunduma da takalman aiki, ko bas ta wuce su. Akwai wadda aka yi wa gargaɗin kora saboda makara.

An kai ƙara ofishin gari ba sau ɗaya ba. Amsar ba ta canzawa: sun duba, ba a yi ruwan sama ranar ba, don haka an rufe ƙorafin. Majalisar garin kuwa tana da kwamiti da ke zaɓen 'yan batutuwa kaɗan da zai bincika kowace shekara, kuma kullum wurin ajiye motoci da filin yawo da karnuka suna gaban namu. Ba na cewa mugunta ce. A takarda dai, ruwan namu babu shi.

Baba Isufu, wanda bai taɓa ganin teku ba sai da ya haura arba'in, shi ya gano bakin zaren. Yana azumin sha uku, sha huɗu da sha biyar ga kowane watan Musulunci. Ya lura cewa yawanci in yana azumin, tayoyinsa sai sun jiƙe a tashar nan, haka ma in wata ya kusa tsayawa. Da ya gaya mini, na ce lallai akwai alaƙa tsakanin wata da cikar teku, amma watakila iska ma tana da hannu, watakila kuma...

"Malam Watakila," ya ce, "kai da aka biya wa lakkwal, ka yi boko! Ruwa yana shiga takalmin mutane, kana ce mini watakila?"

Ranar da majalisa ke sauraron jama'a, minti uku ake ba kowa. Na rubuta shafi biyu, na cika su da "mai yiwuwa" da "bisa ga alama", kuma ban kai rabi ba ƙararrawa ta kaɗa. Sai Baba ya miƙe da Turancinsa na tasi. Bai yi rabin minti ba. Ya ce 'yan kwamitin su zo tashar bas ranar Alhamis mai zuwa da ƙarfe goma na safe, kuma kada kowa ya sa takalmi mai tsada. Aka yi dariya. Shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai farin gashi, ta ce za ta zo, amma in ba ta ga komai ba, batun sai wata shekara.

Kwana uku ban ci abincin kirki ba. Na san iska mai ƙarfi daga arewa tana iya tura ruwan baya, ta bar mu da busasshen titi da kunya. Na roƙe shi mu aika cewa ranar hasashe ce kawai. Ya ce, "Bon, kai ka yi ta hasashe, ni zan yi sahur."

Alhamis ta zo, sama tas. Goma ta yi, titi ƙamas. Goma da kwata, shugabar ta fara duba agogo, ni kuwa ina shirya kalmomin ban haƙuri a raina. Baba yana jingine da motarsa yana jan carbi. Wajen goma da rabi sai muka ji magudanar tana ƙugi kamar mai kurkure baki, ganyaye suka fara tasowa, ruwa ya shimfiɗo a hankali har ya taɓa dakalin tashar. Wata 'yar Damagaram ta rangaɗa guɗa. Ban taɓa ganin mutane suna murna da ambaliya ba sai ranar. Shugabar ta tuɓe takalmanta ta shiga har idon sawu. Ta miƙa wa Baba kofin gahawa, ya ce na gode, ina azumi, ai shi ya sa na san ranar. Gani ya kori ji: a zama na gaba batunmu ya hau jerin bincike.

Aikin kansa ya ɗauki shekaru. Baba bai ga murfin da aka sa wa magudanar don hana kogi komowa ba, bai ga tashar da aka ɗaga ba. Da yana nan, ina jin zai yi wa saƙon gargaɗin ambaliya da ke shigowa waya yanzu dariya, ya ce ashe sai yau suka ga wata. Abin da zai dame shi, ina tsammani, shi ne teku na ƙara tasowa, har ruwan ya fara zuwa a ranakun da ba na azuminsa ba, ba kuma na tsayuwar wata ba, kuma har yanzu duk shekara sai an yi ja-in-ja kafin batun ya samu gurbi.

Yau ni ma a irin wannan ofishi nake aiki, a wani garin. Ban rabu da watakila ba, kuma ba na jin zan rabu da ita. Amma in ƙorafi ya zo wanda bai dace da abin da ke rubuce ba, ba na rufe shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Nakan kira mai ƙorafin in tambaye shi rana da lokaci, in je in tsaya tare da shi mu jira. Sau da yawa abin yakan zo.

Allah ya jiƙan Baba Isufu, ya karɓi azuminsa.