Itacen Kabari a Gonar Babanmu

Babanmu bai yi karatu mai zurfi ba, ba zan ƙara masa abin da ba shi da shi don ya mutu ba. Abu biyu ya riƙe da gaske: salla, da wata kusurwa ta gonarsa, can gefen hanyar tabkin Madarunfa, inda ya hana kowa shiga da gatari. Kirya ce da marke da gawo, sai kalgo a ƙarƙashinsu. Gonakin maƙwabta duk an share su fes, tun daga nesa kana hango jaki. Tamu kaɗai ke da wannan duhun.

Nan ake saro itacen kabari. A wajenmu in an kwantar da mamaci, sai a jera guntayen itace a bisansa, a toshe da ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sannan a rufe. In itacen ba shi da ƙwari, kabarin ruftawa yake. Abin da ya sami kakarmu ke nan. Shekarar da ta rasu an sare dajin kaf an kai Maraɗi, aka rasa abin rufe ta sai karan dawa da fasassun tukwane. Ruwan farko na damina ya buɗe ta. Baba ne ya fara zuwa wurin, yana saurayi. Bai taɓa gaya mana abin da ya gani ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Tun daga nan, duk wanda aka yi wa rasuwa a unguwarmu, kafin a gama wanka ya iso zaurenmu. Baba ya saɓa gatari. Ba ya taɓa gindi, reshe kawai yake cirewa, ya yi bisimilla, ya gyara wurin saran don itacen ya sake toho. Ko goro ba ya karɓa. Kuma ya san kowane tabo. In muka ratsa wurin sai ya dafa wani ya ce na wane ne, ya yi masa addu'a, ya dafa na gaba. Ni kam tsoron wurin nake, har na yi gemu ban daina ba. Da tsakar rana ma ji nake kamar mutanen unguwa ne a tsaitsaye suna jira in yi musu sallama.

Rigimar ta taso ne bayan na koma Ɗan Issa ina sayar da kayan babur. Damina ta yi gardama, rumbun yayana ya ƙare tun kafin bazara, ga 'ya'ya cike da gida. Sai ga wani mai kamiyo, wato babbar motar kaya, daga Maraɗi, irin masu kai wa gidajen burodi itace, ya zagaya kusurwar nan yana lashe baki. Yaya ya so a sayar masa da itatuwan a sayi injin ban ruwa a yi lambu. Har gobe ban ce ya yi laifi ba. Na ga ƙaramar 'yarsa tana lasar ludayi.

A gabana ya tari Baba da maganar.

“Baba, matattu ba sa jin yunwa. 'Ya'yana ne ke ji.”

Baba ba ya kama sunan Yaya, ɗan fari ne, ko kallonsa sosai ba ya yi. Ranar ya kalle shi. Ya tashi, muka bi shi har gona. Ya nuna masa 'ya'yan gawo da suka zube, waɗanda masu kiwo ke nema ido rufe, da busassun rassa, da tohon da ya yi yawa yana son ragi. Ya tuna masa cewa geron da ke ƙarƙashin gawo shi ya fi kowane zangarniya a gonar.

“Abin da suka zubar naka ne, abin da ya bushe naka ne, ka kai kasuwa,” in ji shi. “Ɗanyen na waɗanda ba su da bakin roƙo ne.”

Yaya bai gamsu ba. A hanyar gida ya ce mini ranar da gonar ta zo hannunsa, ko tsinken sakace ba zai bari ba. 'Ya'yan gawon ba su sayi inji ba, kada in yi ƙarya. Da kyar dai suka kai gidan ga sabon gero.

Baba ya rasu da rani, da hantsi. Ni da Yaya muka je da gatarinsa. Mun daɗe a tsaye ba wanda ya san reshen da za a taɓa, domin mai zaɓar ne ke kwance a gida. Yaya ya hau kirya ya sara. A maƙabarta shi ya shiga ya jera itacen, yana danna kowane da tafin hannu, ya sake dannawa, har liman ya ce ya isa haka. Da ya fito ban gane fuskarsa ba. Mai kamiyo kuwa, marar kunya, har ta'aziyya ya zo, yana addu'a yana leƙen Yaya.

Ba a daɗe ba jaririn wani maƙwabcinmu ya koma. Uban ya zo zaure yadda aka saba, ya yi sallama, sannan ya tuna mai amsawar ba ya nan. Ya tsaya yana murza hula, ya juya zai tafi. Yaya ya shiga ɗaki ya fito da gatari. Bai taɓa cewa ya sake shawara ba. Har yau mita yake, wai an bar masa gadon wahala. Lambun ma ya yi shi daga baya, a ɗaya gefen, da injin haɗin gwiwa.

Zuwana na bayan nan na tarar ya rame, tari ya kama shi, ya je likita an ba shi magani bai ji sauƙi ba. Ya ja ni gona, yana tafiya yana hutawa. A gindin kirya ya ɗaga sanda ya nuna mini rassa biyu da ya gyara, miƙaƙƙu, ba ko ƙulli.

“Wancan nawa, wannan naka. Naka na bari ya yi kauri, na ga ka tara tumbi a Ɗan Issa.”

Na yi dariya, bai yi ba. Ya ce wanda ya rage shi zai sara, kuma in zo in ga yadda ake yi, don yaransa hankalinsu na kan babur. Ya miƙo mini gatarin, na karɓa. Na ɗaga kai na duba nasa reshen. Ya isa sara tuni.