Dattijon da Na Kasa Yi wa Musu

A majalisarmu ta bakin tasha a Bebeji, idan na buɗe baki gyara zama ake yi. Aikina malamin gona, amma gardama ce sana'ata ta biyu. Na taɓa yin musu da mai shayi tun daga la'asar har aka kira magariba, a kan ko takin zamani yana kashe ƙasa. Shi ya sa da aka ce mini akwai jarrabawar Turanci ta baka, wadda za a tambaye ka ra'ayinka kuma ka kare shi, dariya na yi. Na ce an kawo mini tuwona har gida.

Gurbin karatu na samu a ƙasar waje, na shekara guda, a kan dabarun noman rani. An karɓi takarduna duka, saura sakamakon Turanci. Sharaɗinsu kada mutum ya cika shekara arba'in, ni kuwa wata huɗu ya rage mini. Zama ɗaya ke gare ni, in na faɗi shi ke nan. Kuma ina son tafiyar nan ƙwarai. Na gaji da zagaya gonakin tumatir a kan babur ina maimaita wa manoma abin da na karanta tun ina saurayi, su ma sun gaji da ji.

Ina da aboki malamin Turanci a wata sakandare a Kiru, tare muka yi firamare. Duk Asabar sai in hau babur in same shi, mu zauna ƙarƙashin darbejiya, ya ajiye wayarsa tana ƙirga mintuna. Ya tambaye ni birni ko ƙauye, in zaɓa, ya musa, in hau shi da Turanci har sai ya ɗaga hannu.

"Kai bakinka injin ban-ruwa ne," in ji shi, "in ya tashi sai mai ya ƙare. Amma ka ji, da gangan za su musa maka. Ba ruwansu da ko kana da gaskiya, maganarka suke aunawa. Ko me aka ce, kada ka yi shiru."

"Ni? Shiru? Ka taɓa gani?"

Ya ce bai taɓa gani ba, muka yi dariya. Wata biyu muna haka, kuma a cikinmu babu wanda ya tsaya ya tambayi wane ne zai zauna a ɗaya kujerar. Da sa'ana na yi ta gwaji, wanda tun muna yara nake zagin kansa yana zagin nawa.

A Kano aka yi jarrabawar, da hantsi. Aka kira lambata, na tura ƙofar wani ɗan ɗaki mai sanyi. Dattijo na tarar, baƙar fata, kansa da gemunsa fari fat, da tabarau a kan karan hanci. Ba Bahaushe ba ne, amma zai yi sa'an mahaifina. Kafin in ankara na fara durƙusawa zan gaishe shi, har na kalli takalmina kamar in cire. Ya nuna mini kujera, ya kunna 'yar na'urar ɗaukar magana.

Da farko lafiya lau. Ya tambayi aikina da garinmu, na amsa. Sai ya ba ni kati, in yi magana a kan wani wuri da ya canja. Na ji daɗi, domin labarin gidanmu ne. Iyayena suna cikin waɗanda aka tasa lokacin da ruwan Tiga ya cinye ƙauyukansu. Ni a sabon matsuguni aka haife ni. Mahaifina manomi ne da ya koma masunci, yana tuƙa kwalekwale ta kan inda gidansu yake, da inda aka binne mahaifiyarsa. Na faɗi wannan duka, Turancin yana zuwa ba gargada.

Sai ya tambaye ni, a ganina manyan madatsun ruwa amfaninsu ya fi cutarwarsu? Na ce a'a, muddin ba a nemi jin ta bakin waɗanda za a tasa ba. Ya ɗago, ya dube ni ta saman tabarau.

"Amma kai da kanka a noman rani kake cin abinci," ya ce. "Ba don ruwan nan ba, da wane aiki kake yi? Ƙauye ɗaya ko biyu ai ba su kai abincin jama'a masu yawa ba."

Wallahi ina da amsa. Uku ma nake da su, a jere, da Turancinsu. Amma a gidanmu idan mai furfura ya gyara maka magana, kanka kake sunkuyarwa. In kana da ja, sai ka bari gobe ka dawo ta bayan gida, ko ka aiki wani babba ya faɗa maka. Ba a taɓa zaunar da ni an koya mini wannan ba, tare da tafiya na koye shi. Idona ya sauka kan tebur, na ji bakina ya ce da Turanci, "Haka ne, yallaɓai."

Ya jira. Na'urar tana ta ɗauka, ba abin da take ɗauka sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Ya sake matsawa, wannan karon da zafi. Ya ce to ashe kaburbura ba wani abu ba ne idan aka zo maganar ci gaba? A majalisa da wani ya faɗi haka, sai an riƙe ni. Nan kuwa cewa na yi, "Wataƙila kana da gaskiya, yallaɓai."

Ya ajiye biro, ya sassauta murya. "Kana iya ƙin yarda da ni fa."

Wannan ne ya ƙarasa ni. Babba ya yi maka alfarma, kuma ka saka masa da musu? Na ce na gode. Ya jefo wata tambayar, na amsa da jimla ɗaya. Ya kashe na'urar, ya yi mini fatan alheri, kuma na ga tausayi a fuskarsa. Na tsani wannan tausayin.

A motar komawa na ba shi amsa. Tun daga tasha har muka wuce Kura ina zuba masa Turanci a cikin raina, hujja bayan hujja, har matar da ke kusa da ni ta matsa don ta ga leɓena yana motsi. Ban taɓa jin haushin kaina kamar na ranar ba.

Bayan mako biyu sakamako ya fito. Karatu da rubutu da saurare duk na haye. Magana, rabin maki ya rage. Na kai wa abokina a Kiru, ya daɗe yana kallon takardar. Na so ya zolaye ni ko na samu abin faɗa, sai ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

Ranar Juma'a na je gida. Na sami Baba a bakin ruwa yana ɗinke koma. Na durƙusa na gaishe shi. Ni ne ɗan fari, ba ya kiran sunana.

"Kai, yaya jarrabawar? Me suka tambaye ka?"

Na gaya masa komai, har maganar kaburburan, har abin da na amsa.

"Dattijo ne ka ce?"

"Dattijo ne, Baba."

"Madalla. Ai da ka yi masa musu, da ka kunyata ni." Ya ja zare ya ɗaure. "Ranar da aka tara mu a ƙofar mai gari aka ce za mu tashi, manya ne suka zo. Kakanka yana da magana cike da ciki, ni na sani, da ni ya tsara ta. Da suka gama bayani, ya ce to. Mu ma duk muka ce to. Ba wanda ya ce mu marasa tarbiyya ne." Ya ɗago yana murmushi. "To, yaushe ne tafiyar?"

"Babu tafiya, Baba. Na faɗi."

Hannunsa ya tsaya.

"Don ka girmama shi?"

"E, Baba."

Ya juya yana kallon ruwan, ya daɗe. Da ya koma kan komar, sai na ga yana ta lalube, ya kasa gane inda ya tsaya. Na karɓa na nuna masa wurin, muka zauna har aka kira sallah.