Ni da Baturen Hawa na Huɗu

Shinkafa ce ta kai ni Italiya. Ina aikin malamin gona a Birnin Kebbi aka ba ni gurbin ƙaro karatu kan noman rani da sarrafa ruwa, na bar matata da 'ya'ya biyu a Gwadangaji, na tafi wani gari na arewacin ƙasar wanda gonakin shinkafa suka kewaye kamar yadda fadama ta kewaye Ambursa. Shekara biyu da 'yan watanni na yi. Ban ga Ruma ba, ban ga teku ba. Abin da na fi sani a ƙasar shi ne matakalar gidan da na zauna, tsohon bene mai hawa huɗu, ba na'urar hawa, ɗakina kuma can a ƙarshe.

A makona na biyu na yi laifin farko. A garin kowace shara da ranarta: kwalba daban, takarda daban, ragowar abinci daban. Ni kuwa na haɗa komai a leda ɗaya na sauke. Matar da ke kula da gidan ta tare ni a bakin ƙofa riƙe da ledar, tana ta zuba Italiyanci, tana zaro ɓawon albasa tana nuna mini. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Ina tsaye kamar an dasa ni sai ga wani dogon dattijo yana saukowa a hankali, hannu ɗaya a kan ƙarfen matakala. Ya yi mata magana da harshenta, ta ɗan lafa, sannan ya juyo gare ni da Ingilishi.

"Kada ka sa a ranka," in ji shi. "Shekara talatin da ɗaya ina gidan nan, har yanzu tana buɗe sharata ta duba."

Shi ne maƙwabcina, ƙofarsa na kallon tawa. Mutumin Ingila ne. Yana saurayi ya biyo wata 'yar garin, suka yi aure, ya zauna. Ta rasu shekara shida kafin zuwana, ba su haihu ba. Na fara kiransa Baba tun ranar, ya tambaye ni ma'anarsa, na faɗa masa, ya ce ba wanda ya taɓa kiransa haka, amma ba laifi.

Koyar da Ingilishi yake yi a falonsa. Bangon da ke tsakaninmu siriri ne, don haka ni ma na zama ɗalibi ba da sona ba. In na dawo daga gonar gwaji na kwanta in miƙe baya, sai in ji muryarsa: "Ina tashar jirgin ƙasa take? Littafin yana kan tebur." Yaro ya maimaita. Bayan awa ɗaya wani likitan haƙori ya zo, a sake tambayar tashar jirgin. Akwai wasu 'yan'uwa mata biyu da suka shekara huɗu suna zuwa, har na baro garin ba su wuce darasin sayen takalmi ba. Wata rana na ce masa, "Baba, ba ka gajiya?" Ya ce, "Na gaji tun kafin a haife su."

Bayan la'asar yakan ƙwanƙwasa mini ƙofa mu sha shayi. Ganyen daga Ingila ƙanwarsa ke aiko masa, don ya ce na garin ruwan wanki ne. Sai ya zauna ya jero ƙorafi, kullum iri ɗaya. Kantuna su rufe da azahar sai yamma. Ma'aikacin famfo ya ce gobe, goben ta zama wata guda. Da sanyi hazo ya rufe gari, ka yi kwana goma ba ka ga rana ba. Da zafi kuma sauron gonakin shinkafa ya taso. A nan kam na goyi bayansa. Ni da na yi ƙuruciya a Argungu gidan kakannina, kusa da gulbi, ban taɓa ganin sauro mai naci irin na garin nan ba.

Abin da ya fi ci masa rai mai burodi ce. Kullum da safe zai yi mata Italiyanci tsaf, ita kuma ta amsa masa da guntun Ingilishinta, tana murmushi kamar yau ya sauka daga jirgi. Duk unguwar ba mai kiran sunansa, Baturen Ingila kawai. Ran nan yana cikin wannan ƙorafin, ni kuma na dawo da nawa ɓacin ran, don a cikin jirgin ƙasa ni kaɗai aka tambaya takardu a taragon, kuma matar da na zauna kusa da ita ta janye jakarta ta rungume. Na ce masa, "Baba, baƙuncinka da nawa ba ɗaya ba ne. Kai murmushi ake yi maka."

Ya juya cokali a cikin shayinsa. Can ya ce, "Gaskiyarka." Na ji nauyin abin da na faɗa, amma ban janye ba.

A damina ta biyu, ko in ce lokacin da ake damina a gida, wasiƙa ta zo masa. Ƙasarsa ta riga ta fice daga ƙungiyar ƙasashen Turai, shi kuma ya yi ta jan ƙafa kan batun katin zama, yana cewa ai kowa ya san shi. To, yanzu asibiti sun nemi katin kafin su duba gwiwarsa. Ya shigo ɗakina da wasiƙar a hannu, abin da bai taɓa yi ba, ya tsaya a tsakiya yana kallon tabarmar sallata.

"Ka san ofishin da ake ba da katin nan?"

Na ce na san shi kamar gidanmu. Sau uku na je kafin a ba ni nawa.

Muka fita bayan na yi sallar asuba. Ya sa kwat da lakataye, ya goge takalmi. Na ce masa ya ɗauko rigar ruwa, ya ce ai ciki za mu shiga. Da muka isa layi ya riga ya zagaye kwanar ginin: mutanen Bangaladash, 'yan Maroko, 'yan Sanagal, da wata mata 'yar kudancin ƙasarmu da goyo, wadda ta gane ni ta ce, "Aboki, ka sake dawowa?" A waje ake tsayawa. Ba benci, ba rumfa. Yayyafi ya fara wajen ƙarfe takwas.

Shi kaɗai ne fari a layin, kowa na satar kallonsa. Ya je wurin mai gadi ya yi masa bayani da kyakkyawan Italiyanci cewa shi ya daɗe a garin. Mai gadin ya nuna masa ƙarshen layi da haɓa. Ya dawo ya tsaya bayana, kunnuwansa sun yi ja. Bayan awa biyu na ga yana sauya ƙafa, yana dafa bango. Wani ɗan Sanagal ya juya bokitin fentin da yake zaune a kai ya tura masa. Baba ya ce a'a, na gode. Bayan rabin awa ya zauna.

Sai kusan azahar muka kai taga. Ma'aikaciyar ta duba takardunsa ɗaya bayan ɗaya, ta ware biyu ta ɗora su gefe da gefe. A ɗaya an rubuta sunansa na tsakiya, a ɗayar babu. Ta ce a wurinta mutum biyu ne. Sai ya kawo tsohuwar takardar rajistar zama ta farko, wadda aka yi masa shekarar da ya zo. Ta ce ya dawo bayan mako shida.

A hanyar komawa ya ce mu zauna a wani benci bakin kogi, ko da yake a jiƙe yake. Ya kwance lakatayen ya cusa a aljihu.

"Matata ce ke yin duk wannan," in ji shi. "Ni ban taɓa cika takarda ko ɗaya a ƙasar nan ba. Sai dai ta nuna mini inda zan sa hannu."

Sai na ce masa da Hausa, "Sai haƙuri, Baba." Ya tambayi me na ce. Na yi ƙoƙarin fassarawa, ban gamsu da ko ɗaya daga kalmomin da na samo ba. Ya gwada faɗa, harafin tsakiya ya ƙi fita daga maƙogwaronsa, ya bari.

Ranar Asabar muka shiga neman takardar. A ƙaramin ɗakin da matarsa ke ɗinki akwai akwatuna har rufi, bai taɓa su ba tun rasuwarta. Ni ke saukowa da su, shi yana zaune yana buɗewa. Kowace ambulan da rubutun hannunta a baya, ta rubuta abin da ke ciki da shekararsa. Da farko yana karantawa da ƙarfi yana ba ni labari, wannan na lokacin da aka gyara rufi ne, wannan na motar da suka taɓa yi. Daga baya ya ajiye ambulan ɗin da ke hannunsa. Ya cire tabarau ya ce idonsa ya gaji, in ci gaba ni kaɗai. Na sami takardar a cikin gwangwanin biskit, ta yi rawaya, an naɗe ta huɗu.

Ban so in bar shi haka ba, sai na ce yau ni zan ciyar da shi. Shinkafar garin gajera ce mai danƙo, wadda suke dafawa da cuku, kuma tun watan farko na gano ba ta da na biyu wajen tuwo. Ina da sauran kuka da daddawa da busasshen kifin Argungu da mahaifiyata ta ƙulle mini. Na tuƙa, na kaɗa miya, na kai masa. Ya ci da cokali, a hankali, yana kallon yadda miyar ke ja. Ya ce bai san ko yana sonta ba, amma a ƙara masa.

Muna cikin ci mahaifiyata ta kira. Ta ji motsin cokali ta ce, "Wa ag gare ka nan?" Na ce maƙwabcina ne, na ba ta labarinsa a taƙaice. Ta ce, "Tsoho haka, ba ɗiya, ba mata? To mi shika jira? Shi tai gida mana." Da na ajiye wayar ya tambaye ni me ta ce, na faɗa masa ba ragi.

Ya yi 'yar dariya. Ya ce bara ya je wurin ƙanwarsa da niyyar wata guda. Unguwar da ya tashi ta zama wurin ajiye motoci. Ya shiga kanti, bakinsa ya suɓuce ya yi godiya da Italiyanci, yarinyar kantin ta tambaye shi daga wace ƙasa yake. Kwana tara ya yi ya dawo. "A can ina kewar nan," in ji shi. "Ina sauka a tashar nan kuma na tuna ba na son garin."

Komawarmu ofishin ta biyu na'urar ɗaukar hoton yatsa ta lalace. Ta uku aka karɓi komai. Katin ya fito cikin sanyi, na raka shi ya karɓo. Na zaci zai yi murna. Ya juya shi gaba da baya, ya ce hoton ya yi kama da mahaifinsa ranar da aka kwantar da shi asibiti, ya sa a aljihu. Muka tsaya a kantin burodi, matar ta gaishe shi da Ingilishi.

Watannin ƙarshe gwiwar ta matsa masa. An sa masa ranar aikin tiyata can gaba. Ya koma sauka sau ɗaya a rana, daga baya sau biyu a mako. Ni ke hawo masa da ruwan gora da burodi, in sauke masa shara, kowace a ranarta. Ɗalibai suka ragu. Ni ma a lokacin na ƙosa. Rubutun kammalawa ya sha mini kai, ƙaramar 'yata ta fara magana ba na nan, in an ba ta waya sai ta yi shiru tana numfashi. Shayin la'asar ya zama zama kawai, kowa da abin da ke ransa, wani lokaci har mu rabu ba a yi jimla biyar ba.

Ranar tafiyata bai sauko ba. A bakin ƙofarsa muka yi sallama, ya ba ni hannu, ya ce in gaida mahaifiyata, in ce mata yana tunanin shawararta. Na ja akwatina ina saukowa, ina jin bai rufe ƙofar ba har na kai hawa na biyu.

Na dawo Birnin Kebbi cikin zafin bazara. Mako guda ana zuwa yi mini barka da zuwa, kowa na tambaya yaya Turai, ina cewa lafiya lau. Na koma aiki, na tarar da teburina da wani a kai. 'Yata ta ɗauki kusan wata guda kafin ta yarda in ɗauke ta.

Muna rubuta wa juna saƙo ta waya, da farko duk mako, daga baya sai an tuna. An yi masa aikin. Ya bar gidan ya koma wani ɗaki na ƙasa a bayan gari, ya ba ɗakin karatu na unguwa littattafansa don ba wurin ajiye su. Ya turo mini hoton tagarsa, tana kallon bangon wani gareji. Saƙona na ƙarshe na tura shi wata uku da suka wuce, ina tambayarsa jiki. Shekaranjiya ina cikin Keke Napep zuwa unguwar Badariya na duba, na ga alamar an karanta.