Shatin Yatsa a Kumatun Mai Burodi

Mahaifiyata ta zo mana Greensboro ta ƙasar Amurka a farkon shekarun dubu biyu, ƙarshen watan Oktoba, da tikitin komawa na tsakiyar Janairu. Inna maginiya ce, tun tana yarinya take gina tulu da randa a ƙauyenmu, kuma ba ta taɓa hawa jirgi ba sai wannan karon. ’Yata tana da shekara bakwai a lokacin. A nan aka haife ta, sunan Inna ta ci, kuma ba su taɓa ganin juna ba sai a hoto. Burina bai wuce su saba kafin wata ukun nan su ƙare ba, don ban san ko za su sake haɗuwa ba.

Tun a filin jirgi abin ya lalace. Inna ta dubi yarinyar sama da ƙasa, fuska a murtuke, ta ce, "Yanzu saboda wannan ’yar mummunar mai kan goruba aka sa ni tsallako teku? Ku mayar da ni."

A wajenmu wannan ita ce gaisuwar kaka da jika. Kaka ta tsokane ka, kai kuma ka rama, in ka ce mata tsohuwa mai ragowar haƙori uku ma daɗi za ta ji. To amma ’yata tana jin Hausa ne kawai, ba ta mayarwa, kuma ni da ubanta ba wanda ya taɓa tunanin koya mata wannan wasan. Ta fahimci "mummuna" sarai. Ta ɓuya a bayana, ta yi kuka tun daga filin jirgi har gida. Na yi mata bayani har bakina ya gaji, ta ce mini da Turanci, in wasa ne me ya hana ta dariya? Ai kuwa gwanintar wasan ke nan, kada a ga haƙorinka.

Haka muka shiga Disamba. Ni ina aiki a wani babban kanti a kan titin Wendover, maigidana yana wani sito, Inna tana zaune a falo hannuwa a kan cinya, matar da ban taɓa ganin hannunta babu laka ba. Yarinya ta dawo makaranta ta yi sallama a ciki-ciki, ta shige ɗaki. Inna ta ce mini, "Ƙyale ta, ba ta san ni ba ne." Amma wata rana ina ninke kaya ta tambaye ni ko ana iya matso da ranar tikiti. Wannan tambayar ta yi mini ciwo ƙwarai.

Sai kuma na ƙara wa abin gishiri da hannuna. Bari in faɗi gaskiya, ni mayyar finafinan Kirsimeti ce. Ba bikinmu ba ne, ban taɓa sa bishiya a falona ba, kuma kiɗan da ake kunna mana a kanti tun daga Nuwamba yana sa ni ciwon kai. Amma finafinan, musamman tsofaffin, sun kama ni tun shekarar farko da na zo, lokacin da ban san kowa ba sai talabijin. Na fi son marasa kala, waɗanda maza ke cire hula in sun shiga gida, ana magana a tsanake yadda har baƙuwa irina take tsintar Turancin. Bayansu sai katun na zanen hannu, da kuma na ’yan tsanar yumɓu masu tafiya kamar ƙafarsu na ciwo. Sababbin da aka fara yi da kwamfuta a shekarun nan kuwa ban ɗauke su da muhimmanci ba, sun yi mini sulɓi da yawa, kowa fuskarsa kamar an shafe ta da man gyaɗa, ga ihu ba dalili. Ni da ’yata muna da kaset shida da muka naɗa daga talabijin, duk Disamba mukan baje a kan kafet mu kalle su har mu haddace.

Da Inna ta zo sai kunya ta kama ni. Na ce yanzu tsohuwar nan ta ga muna kallon bikin Nasara, ta koma gida ta ce na saki tarbiyyar yarinya. Na tattara kasakasan na zuba a cikin babbar tukunyar da ba ma saukewa sai da Sallah ko suna, na rufe, na tura can saman kabad. Na ce wa ’yata bana ba kallo.

"Because of Grandma?" ta tambaye ni, wato ko saboda kakarta ne.

Na juya na ci gaba da aikina, ita kuma ta ɗauki hakan a matsayin i. Kun ga ke nan na ɗora wa Inna laifi na biyu ba da saninta ba.

Abin da na manta shi ne, ba a ɓoye wa maginiya abu a cikin tukunya. Duk gidan da Inna ta shiga sai ta buɗe kowace tukunya ta ƙwanƙwasa gindinta ta ji sautinta, ko da ta ƙarfe ce.

Wata safiya muka tashi dusar ƙanƙara ta ɗan zuba. A garin nan ko ta kai kaurin tabarma sai a rufe makarantu, amma kanti ba ya rufewa. Dole na bar su su biyu a gida, na fita. Wajen azahar manaja ya ga ba masu saye ya sallame mu. Ina hawa matakalar bene na jiyo kiɗan da na sani kamar sunana, ƙararrawa da goge, yana fitowa daga ƙofata. Na tsaya da makulli a hannu na ce yau rana ɗaya ta mai kaya ta zo.

Na buɗe a hankali. Tukunyar tana tsakiyar falo a buɗe. Inna tana durƙushe a gaban talabijin, hancinta ya kusa taɓa gilashi, ’yata tana tsaye a bayanta da rimot. Daga baya na ji yadda aka yi. Inna ta so ta yi dambu, ta sauko da tukunya, ta ga kasakasai, ta zaci wa’azi ne ko fim ɗin Hausa da aka aiko mana daga Kano. Ba ta iya kunna bidiyo ba, sai ta miƙa wa yarinyar ɗaya ta ce, "Ke mai kan goruba, sa mini." Ita kuma ja’irar ta sa mata, don ta ga abin da zai faru.

Na yumɓun nan ne, labarin wani tsoho mai gasa burodi a ƙauyen da ƙanƙara ta toshe wa hanya, yana bi gida-gida da jakinsa a jajibirin biki. Ko sallamata ba su amsa ba.

"Mayar da shi baya," in ji Inna. "Tsaya nan. Tsaya!"

Yarinyar ta danna, hoton ya tsaya yana rawa kaɗan yadda na kaset yake yi. Fuskar mai burodi ta cika gilashin. Inna ta ɗora yatsa a kan kumatunsa.

"Kin gani? Babban yatsa ne. Na hagu. Nan ya danna don ya fito da kumatun, bai goge ba."

Na matso na duba. Wallahi ga shi nan, shatin yatsan mutum, layi-layi a zagaye, a fuskar da na kalla ya fi sau ashirin ban taɓa lura ba. Wani bawan Allah, a wata ƙasa, tun kafin a haife ni, ya danna yumɓu da yatsansa, ga shi yau wata tsohuwa daga ƙauyenmu ta gane hannunsa har ta san bahago ne.

"To amma ya aka yi yake tafiya?" Inna ta juyo ta tambaya. "Yumɓu dai na san shi. Ba ya tafiya."

Na buɗe baki zan amsa, sai na ga ba ni take kallo ba. Yarinyar ta san amsar, malamarsu ta taɓa nuna musu a aji. Ta fara da Turanci, ta ga ba ta ɓulle ba, ta dube ni in fassara. Allah ya ba ni basirar da ba ni da ita kullum, na sunkuya ina kwance igiyar takalmi kamar ban gani ba. Ta yi ajiyar zuciya irin ta manya, ta ce:

"Suna taɓa shi. Kaɗan. Su yi picture. Su taɓa kaɗan kuma. Su yi picture. Da yawa, da yawa, da yawa."

Wannan ce Hausa mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinta. Inna ta sa ta maimaita, ta kama hannun yarinyar ta ɗaga shi kaɗan, ta tsaya, ta ƙara ɗagawa, ta ce haka? Yarinyar ta ce haka. Inna ta koma ta zauna daɓas a kan kafet ta riƙe haɓa.

"Taku ɗaya na jakin nan ke nan sai an taɓa shi sau nawa? La ilaha illallahu. Kunne ma da yake kaɗawa? Kai, wannan mutum ya yi haƙuri. Ni da nake ganin na iya zama a kan randa kwana biyu."

Na ce cikin sanyin murya, "Inna, na bikin Kirsimeti ne fa."

Ta dube ni kamar na yi maganar banza. "Na ce miki na Maulidi ne? Bikinsu nasu ne. Ni aikin hannu nake kallo. Ke kuma da kika zuba su a tukunya, dafawa za ki yi?"

Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya. Ni aka yi wa, amma ban taɓa jin daɗin dariya kamar wannan ba.

Daga ranar suka cinye kasakasan nan shida, suka koma farko. Inna tana da ra’ayi a kan kowanne. Katun na zane ta ce suna da kyau amma masu zanen ba su taɓa kiwo ba, don babu dabbar da take gudu haka. Muka gwada mata wani sabo na kwamfuta da ake nunawa a talabijin, ta matsa kusa ta duba fuskokin ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Wannan ba wanda ya taɓa shi," ta tashi ta tafi alwala. Na ji daɗi da na sami mai goya mini baya.

Marasa kalan su ne suka fi girgiza ta. Akwai na wani mai gadin tashar jirgin ƙasa da ya kwashi matafiyan da hanya ta yanke wa ya kai su gidansa. In wani ya zame a ƙanƙara Inna ta ce masa sannu, in an kawo abinci ta ce matar ba ta cika kwano ba. Rannan ta tambaya ko mutanen suna nan garin. Na ce fim ɗin ya girme ni, manyan cikinsu duk sun mutu. Ta ƙura wa gilashin ido. Mahaifina ya rasu ba mu da hotonsa ko ɗaya, na san abin da take tunani ke nan.

"Suna kabari," ta ce, "amma duk shekara sai su taso su cire hula su gaisa, su ci abinci. Ikon Allah ya wuce tunani." Ni ma tun daga ranar ban sake kallonsu yadda nake kallo da ba.

Da ƙanƙara ta narke sai ga Inna da ’yata a bayan gidajenmu da cokalin miya, suna haƙar jar ƙasar nan da take ɓata mana takalma. Inna ta murza ta a yatsa, ta ɗanɗana a harshe, ta ce ba laifi. Ta ce ita ba ta gina mai rai, amma ta koya wa takwararta ’yan tukwane da kasko da asusu, ƙanana kamar ƙwai, suka jera su a bakin taga suka bushe, muka gasa a obin ɗina har ya yi wari. Ta gina mata wani ɗan tulu, ta danna babban yatsanta a gefensa da gangan, ta ce kada a goge. Maganar matso da tikiti ba ta sake tasowa ba.

Ranar tafiya muka raka ta filin jirgi da hantsi. An zo inda ba ma wucewa, Inna ta gama yi mini nasiha, ta juya ga yarinyar ta haɗe rai kamar ranar farko.

"To mummuna, na tafi. Na huta da ganin wannan kan."

Na zaci kuka za ta sake yi. ’Yata ta saki hannuna, ta riƙe ƙugu, ta ɗaure fuska tamau, ba alamar dariya. Ashe ta kwana biyu tana shirya abinta.

"Tafi can, tsohuwa mai kan tulu," ta ce da Hausa. "Mu ma mun huta."

Inna ta ajiye jakarta. Matar da ko a rasuwar mahaifina ban ga hawayenta ba, ta ja gefen mayafi ta rufe fuska, ta rungume yarinyar a tsakiyar Turawa tana cewa, "Ta rama. Kin ji ta rama."

Ba su sake haɗuwa ba, Inna ta rasu bayan shekara biyu. Bidiyon ya daɗe da lalacewa, amma ɗan tulun yana nan a kan kabad. Duk Disamba in mun zauna kallon mai burodi a sabon faifai, ’yata takan sauko da shi ta sa babban yatsanta a cikin shatin. Da can yatsan yana iyo a ciki, yanzu ya cika shi daidai.