Ranar da Yaya Ya Sauko Ƙasa da Iyaka

Yayana matuƙin jirgin sama ne, ko in ce ya taɓa zama. Yanzu in ka shiga kasuwar Utako ka bi layin masu atamfa, za ka same shi a shagon da mahaifinmu ya bari, zaune a kujerar roba, ya miƙe ƙafarsa ta dama a kan dilar yadi saboda ba ta lanƙwasuwa. Yawancin masu sayayya ba su san ya taɓa barin ƙasa ba, shi kuma ba ya faɗa.

Mu biyu aka haifa a ɗakinmu, ya girme ni da shekara shida. A Dutse Alhaji muka tashi, lokacin da bayan gidanmu gonaki ne har gindin dutse. Mahaifinmu Bazazzage ne, fatauci ya kawo shi Abuja, kuma burinsa Yaya ya gaje shi a shago. Yaya ya ce shi jirgi zai tuƙa. Sun fi shekara suna wannan ja-in-ja kafin Baba ya sakar masa mara. Da ya gama karatu sai wani kamfani mai ƙananan jirage ya ɗauke shi aiki, yana kai 'yan kasuwa da manyan mutane inda suke so.

Mutum ne mai tsananin bin doka, har abin yana ba mu haushi a gida. Ba ya tayar da mota sai kowa ya ɗaura bel, har Inna, wadda ke cewa abin yana shaƙe ta. Akwai ranar da ya ƙi tashi da wani attajiri saboda hadari ya haɗo ta gabas. Mutumin ya zazzage shi a gaban ma'aikata. Da ya dawo gida na tambaye shi ko bai ji zafi ba, sai ya ce, "Gara ya zage ni a ƙasa da a yi mana salla tare." Abokan aikinsa suna yi masa tsiya da wannan hali, amma in za su aika iyalinsu wani gari, shi suke nema.

Shi ya sa har yau nake kasa haɗa wancan mutumin da abin da ya faru.

Kamfaninsu ya sayo sababbin jirage, aka shirya wasan jiragen sama don a nuna wa baƙi, a wani ƙaramin fili da ke bayan gari, can gefen Kurudu. Mako biyu suna atisaye. Wata rana da yamma ya zo gaida Inna, ya zauna a tabarma ya zana mini tsarin a bayan ambulan. Ya ja layi ɗaya ya ce nan ne rumfunan 'yan kallo, jirgi ba ya tsallake shi, ba ya kuma fuskantarsa in yana juyi. Ya ja wani a kwance ya ce wannan ita ce iyakar sauka: komai gwanintarka, ba ka yin wasa ƙasa da ita, domin in wani abu ya kuskure kana bukatar sarari a ƙarƙashinka da za ka gyara. Ya ce kowannensu ya sa hannu a takardar da ke ɗauke da waɗannan sharuɗɗa.

"Ogan kamfaninmu dai yana ta ƙorafi," in ji shi, yana naɗe ambulan ɗin. "Wai in muka tsaya can sama baƙi ba za su ga komai ba, kamar shirwa ce ke shawagi."

"Me ka ce masa?"

"Na ce su zo da tabarau."

Ranar wasan muka je da hantsi, ni da Inna da matarsa, tana goye da 'yarsu. An kafa rumfuna, an jera kujeru, ana raba ruwan roba. Damina ta fara nisa, ko'ina kore shar, kuma daga inda muke zaune ana hango gonakin doya sun miƙe bayan shingen filin, da itatuwan ɗorawa jefi-jefi. Matuƙi na farko ya yi nasa a sama sosai, aka tafa sama-sama. Na biyu wani matashi ne da bai daɗe da zuwa kamfanin ba. Shi ya sauko ƙasa ƙwarai, har iskar jirginsa ta ɗaga rufin rumfa ɗaya, mutane suka miƙe tsaye suna ihu da tafi. Na ga ogan nasu yana dariya, yana dukan kafaɗar wani baƙo.

Sai Yaya ya tashi. Juyin farko ya yi shi yadda ya zana mini. A na biyu ya haura sama, ya kifa jirgin, ya gangaro, kuma ko ni da ban san komai ba na ga gangarowar ta yi tsawo. Inna ta kama hannuna. Ya ɗago hancin jirgin, saura kaɗan ya kuɓuta, sai fiffiken hagu ya tsinci reshen ɗorawa. Jirgin ya wulwula ya faɗa cikin gona. Ƙarar ba ta kai yadda nake zato ba. Abin da na fi tunawa shi ne shirun da ya biyo baya, da muryar Inna tana salati a hankali, tana maimaitawa.

An ciro shi da rai, ƙafarsa ta farfashe. Muna asibiti, la'asar ta yi, wani ma'aikacin kamfanin ya ja ni gefe ya ce akwai mutum a gonar. Wani dattijo ne ɗan ƙabilar Gbagyi, yana gyaran kunyar doyarsa. Nan take ya cika.

Kwana huɗu muka ɓoye wa Yaya. A rana ta biyar ina ba shi kunu, ya kawar da cokalin ya ce, "Mutumin da ke gonar, ya rasu ko?"

Na ce wa ya gaya masa.

"Ba wanda ya gaya mini. Na gan shi."

Bayan wata biyu aka kafa kwamitin bincike. Lauyan da surukinsa ya kawo ya zo gida, ya zauna a falo ya yi bayani dalla-dalla. Jirgin sabo ne, in ji shi, ba a gama sanin halinsa ba, kuma injin ya ƙone, ba mai iya rantsuwa cewa bai yi gardama a sama ba. In Yaya ya ce ya ji injin ya shaƙe, shi ke nan. In kuma bai so haka, to ya ce umarnin oga ya bi, akwai waɗanda suka ji ana matsa masa. Surukin ya sa baki, matarsa tana kuka, ni ma na ce, "Yaya, ai gaskiya ce, ya matsa maka."

Yaya ya dubi sandunan da yake dogarawa, sannan ya amsa.

"Ya matsa mini, na kuma ce masa a'a. Da maganarsa ce ta sauko da ni, da tun a atisaye na sauko. Tafin da aka yi wa yaron nan ne ya shiga kaina. Ina can sama na ce bari in nuna musu wanda ya fi. Injin lafiyarsa ƙalau. Ba hannun kowa a kan sitiyarin nan sai nawa."

Haka ya faɗa wa kwamitin, bai rage ba, bai ƙara ba. Ya kuma gaya musu cewa matuƙi na biyu ya karya iyaka a gaban kowa, kuma mai kula da wasan daga ƙasa, wanda aikinsa ne ya tsayar da komai a lokacin, bai ce uffan ba. Aka karɓe lasisin Yaya har abada. Aka dakatar da matashin na ɗan lokaci. Ogan ya koma wani kamfani, na ji ma an ƙara masa girma. Na daɗe ina jin ɗacin wannan, Yaya kuwa bai taɓa ɗaga maganar ba.

Da ya fara iya takawa sai ya ce in kai shi Kurudu. Kamfanin da dattawan unguwar sun riga sun yi zamansu na sulhu, Baba ma ya je ta'aziyya tun a makon farko, amma shi bai je ba. Na tuƙa shi wata Asabar da safe. Gidan na ƙasa ne da rufin kwano, a ƙarshen wani layi inda sababbin gidajen bulo suka fara cinye gonaki. Matar marigayin tana tsakar gida tana shanya barkono, tsohuwa gajera mai faɗin kafaɗa, da ƙaramin gicciye a wuyanta. Muka yi sallama. Ta dubi sandunan, ta dubi ƙafar, ba ta bukaci a gabatar da shi ba.

"Kai ne mai jirgi ɗin."

"Ni ne, Mama."

Ta sa 'yarta ta kawo benci da ruwa a kofi. Yaya bai zauna a bencin ba, ya zame ƙasa da ƙyar, ƙafar a miƙe. Ya ce bai zo da wani bayani ba, laifinsa ne, an kafa masa iyaka ya ƙetare. Ta saurare shi tana juya barkonon da tafin hannu.

"Sun ce mini inji ne ya lalace," ta ce.

"Ba inji ba ne. Ni ne."

Can ta ce, "Ka gan shi?"

"Na gan shi."

"Yana yin me?"

Yaya ya ce dattijon yana tsaye, ya dogara da fartanya, ya ɗaga kai yana kallon sama.

Tsohuwar ta gyaɗa kai. Ta ce tun da aka fara atisayen kullum da wuri mijinta yake tafiya gona, wai don kada jiragen su wuce bai gani ba. In ya dawo sai ya riƙa kwatanta mata da hannu yadda suke kifewa. Ranar ma ta ce ya tsaya ya ci abinci, ya ce a ajiye masa, yau ne babban wasan.

Ban taɓa ganin Yaya yana kuka ba sai ranar. Ita ba ta yi ba. Da muka tashi tafiya ya ce, "Mama, ki yafe mini." Ta ce, "Ruwa na ba ka don ka shigo gidana. Wancan ɗin, ban sani ba tukuna. Ka bar ni da Allah."

Bai sake roƙonta ba, amma bai daina zuwa ba. Duk shekara in damina ta kama sai in kai shi, daga baya da ya sayi mota mai sauƙin tuƙi ya riƙa kai kansa. Ba wata doguwar hira suke yi ba. Ta tambayi ƙafa, ya tambayi gona. Wata shekara ta ba shi doya biyar ta ce ya kai wa Inna. Wata shekarar ya tarar an sayar da gonar, an yanka ta fuloti-fuloti, an sare ɗorawar, ya dawo bai ci abinci ba. A tsakanin nan Baba ya rasu, Yaya ya karɓi shagon. Shekarun farko in jirgi ya wuce ta saman kasuwa sai ya daina magana har ƙarar ta ɓace, ko da yana tsakiyar ciniki ne.

Wani tsohon malaminsa ya taɓa gayyatarsa ya yi wa ɗalibai masu koyon tuƙi magana. Na raka shi, na zauna a baya. Na zaci zai yi musu wa'azi a kan dokoki, sai ya ba su labarin ranar kawai, tun daga tafin har zuwa fartanyar. Wani ɗalibi ya tambaye shi ko ƙarancin ƙwarewa ne ya jawo. Ya ce a'a, a lokacin ba wanda ya fi shi ƙwarewa a kamfanin, kuma da bai ƙware ba da tsoro ya hana shi. Ya ce dokar ba don ranar da kake shakka aka rubuta ta ba, don ranar da ka tabbata za ka iya ne. Sau biyu ya je, bai ƙara ba, ya ce kowane zuwa sai ya yi mako bai dawo daidai ba.

Tsohuwar ta rasu shekara uku da suka wuce. 'Yarta ce ta kira shi a waya. Muka je, aka yi addu'a a cocinsu, mu muka zauna a waje ƙarƙashin rumfa tare da maƙwabtansu Musulmi. Bayan an binne ta na matsa kusa da 'yar, na tambaye ta a asirce ko mahaifiyarta ta taɓa cewa wani abu game da Yaya. Ta yi tunani ta ce, abin da ta sani kawai, in damina ta kama takan ce a share tsakar gida, mai ƙafa zai zo. Ban san ko wannan yafiya ce ba. Na faɗa wa Yaya a mota, ya ce Allah Ya ji ƙanta.

Bara 'yarsa ta gama sakandare ta ce ita ma tuƙin jirgi take so. Uwarta ta ce sam. Takardar neman shiga makarantar ta yi kwana tara a shago, a ƙarƙashin ma'aunin yadi. Ina wurin ranar da ya kira 'yar, bayan azahar, kasuwa ta ɗan lafa. Ya ce ta zauna, ya tambaye ta ko ta san abin da ya sami ƙafarsa. Ta ce haɗari ne, injin ya lalace, haka ake faɗa a gida. Ya dube ni, na sunkuyar da kai, domin ni ma ina cikin masu faɗa mata haka tun tana ƙarama.

Ya ce in ja ƙofar shagon. Na ja, na fita na bar su. Na fi awa ɗaya ina zaune a shagon maƙwabciyarmu mai mayafai. Da yarinyar ta fito idanunta sun yi ja, takardar na hannunta da sa hannunsa a ƙasa. Ta wuce ni, ta nufi tashar mota.